Kifin Sista da Nawa

Tun ina da cikin babban yayanku nake yawo da tsoro guda a ƙirjina: kada a ɗauke mini shi. A gidanmu haka aka saba, ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ranar da aka yaye shi, ranar kakarsa za ta goya shi ta wuce da shi ɗakinta, ke kuwa ki sunkuyar da kai kamar ba ke kika yi naƙudar ba. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ki jira wani ya ɗaga shi. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ni ma a hannun kakata na tashi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk sanda na ga Inna, mahaifiyar babanku, tana auna yaron da ido tana cewa ya kusa isa yaye, sai tsoron nan ya dawo mini sabo.

Na ɗauko wannan zancen ne saboda labarin da kuke bayarwa in an taru da salla, wai a bakin kwamin kifin Umma Yaya Nura ya fara magana. Na daɗe ina jin ku ina yin shiru, don labarin yana yi mini daɗi. Amma ba haka aka yi ba.

Lokacin da aka ɗauko gwamnati daga Legas aka kawo Abuja, babanku yana direba a ma'aikata. Yana cikin waɗanda suka yi ta jigilar kabad-kabad na ƙarfe da kujerun ofis. Ni ina gida wajen Inna. Da aka ba shi ɗaki biyu a Garki, sai ya zo ya ce in haɗa kaya. Inna ta ce a bar mata yaron, shi kuma ya ce ai bai saki nono ba. Haka muka shigo mota da shi a bayana, ina ta matse fuska don kada a ga murnata. A raina na ce na tsere, can babu kaka, babu gwaggo, babu mai karɓar mini ɗa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, na tsere wa masu karɓa amma na taho da kunyar a cikin kayana. Garki ta lokacin ba irin ta yanzu ba ce. Jar ƙasa, gine-gine sababbi masu warin fenti, maza su fita tun safe, unguwa ta yi tsit sai ƙarar injinan masu aikin titi. A gida, in uwa ta yi shiru akwai bakuna goma da za su yi wa yaro surutu. A nan daga ni sai shi, ni kuwa ina nan ina kunyarsa alhali ba mai kallona sai bango. In zan ba shi abinci in ce, "Kai, ungo." In zai taɓa risho in ce, "Kai, bari." Sunan nan da kuke jin ina faɗa yanzu ba wahala, a lokacin bai taɓa fita daga bakina ba. Ya yi tafiya, ya yi gudu, haƙora suka cika baki, amma magana babu. Sai dai ya nuna abu da yatsa. Sa'o'insa na layinmu suna zagi da Yarbanci da Turancin kasuwa, nawa ko "ruwa" bai ce ba.

Bayan gidanmu a haɗe yake da na wata malamar asibiti, shingen waya ne kawai ya raba mu. Sista Ladi ake ce mata. Bagwariya ce, ko da yake in ka faɗi haka sai ta gyara maka ta ce Gbagyi. Ta girme ni sosai, 'ya'yanta duk suna makarantar kwana. Mace ce mai murya, in ta yi dariya har tantabarun kan rufi sai sun tashi. Hausarta kuwa kowa "kai" ne a wajenta, mace ko namiji. Ranar da muka fara gaisawa ta nuna mini wajen dogayen gine-ginen ofis ta ce:

"Ka ga can inda mijinka yake aiki? Gonar doyan babana ne a ƙarƙashi. Ku baƙi ne, Maman Nura, mu aka tarar."

Ita ce ta fara kira na da wannan suna. Na ji kamar ta tuɓe mini ɗankwali a kasuwa.

A bayan ɗakinta akwai kwamin siminti zagayayye, an rufe samansa da raga saboda yara da shaho. A ciki akwai wasu kifaye da ban taɓa ganin irinsu ba, farare masu dabbare-dabbaren ja, wani ruwan goro, wani kamar an wanke shi da zinare, da ɗan gashin baki kamar tarwaɗa. Koi ake ce musu. Mijinta ya samo su wajen Turawan wani kamfanin titi da ya yi wa aiki. Ba a cin su, kallo kawai ake yi. Ni dai da na ji haka na ce lallai in abinci ya yi wa mutum yawa sai ya ciyar da miya.

Ban san ranar da yaron ya gano ɓular da ke jikin wayar ba. Na dai neme shi wata la'asar na rasa, hankalina ya tashi, sai na jiyo wata dariya da ban sani ba. Na leƙa ta tagar kicin. Ga shi a kan cinyar Sista, ta ɗage ragar, ta zuba masa ƙwayoyin abincin kifi a tafin hannu, kifayen sun taru suna tsotsar yatsunsa. Dariyar tasa ce. Ni da na haife shi ban san haka muryarsa take ba.

"Nura! Nura, ka ga Mai Hula? Ɓarawo ne, ya ƙwace na ƙaninsa. Nura, ba wa wancan. Yauwa, Nura!"

A numfashi ɗaya ta kira sunan fiye da yadda aka kira shi a gidana tun da muka zo.

Daga ranar na zama mai gadin tagar nan. Da ya ji ƙarar ƙofarta ta dawo daga aiki, ko yana tsakiyar cin abinci zai ajiye ya nufi ɓula. Ni kuma in tsaya a bayan gilashi ina goge kwanon da na riga na goge. Na san yadda take tuɓe farin takalminta ta zauna a kan bulo. Na san yadda yake jingina kansa a damtsenta. Na haddace kifayen nan ɗaya bayan ɗaya don tsabar ƙi. In ta aiko mana da doya sai in ce ta yi ɗaci. In ta gaishe ni sai in amsa da hanci. Matar ba ta yi mini komai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ta zage ni ko sau ɗaya, da na sami abin riƙewa.

Ran nan da yamma babanku yana alwala a bayan gida, sai ga yaron ya tsaya a bakin waya ya ɗaga murya:

"Tita! Tita!"

Babanku ya saki buta. Ya yi ta hamdala, ya ɗaga yaron sama, ya ƙwala wa Sista kira ta fito da cokali a hannu tana guɗa irin tasu. Ni ina kicin. Wata tara na ɗauke shi, na tsallake garuruwa da shi a bayana don kada a raba mu, kalmarsa ta farko a duniya kuma sunan matar maƙwabta. Tuwon ranar ya ƙone, na ce risho ne.

Bayan kwana biyu na tari babanku yana shan shayi.

"Malam, ni ma a yi mini kwami."

"Na wanki?"

"Na kifi."

Ya ajiye kofi ya dube ni. "Asabe, kifin da ba a ci? Ga na Sista nan a bakin hancinki. Kuɗin kallo take karɓa?"

"Nata nata ne."

Ya yi dariya har ya ƙware, amma mutum ne da ba ya son ganin fuska a ɗaure. Wata Asabar ya biya Dei-Dei ya taho da siminti da bulo a bayan akori-kurar abokinsa, ya kira birkila. Na tsaya a kan mutumin sai da ya yi nawa ya fi na Sista faɗi. Ita kuwa tana jingine da waya tana kallo, sai ba da shawara take kamar an tambaye ta. Ta ce a cika shi da ruwa a yi ta zubarwa har zafin simintin ya fita. Wannan babanku ya ji, ya yi. Sannan ta ce za ta ba ni ƙanana biyu daga nata.

"Mun gode, za mu saya," in ji ni.

"To in ka je, Maman Nura, kar ka duba girma. Ka sa a watsa abinci. Wanda ya yi kokawa ya ture 'yan'uwansa, shi ne mai lafiya. Ka duba fukafukinsa a buɗe, jikinsa sumul ba tabo. Wanda ya koma gefe shi kaɗai ya yi shiru, ka bar musu kayansu."

Na ji ta sarai. Amma maganar daga bakinta ta fito, don haka tun kafin ta rufe baki na san abin da ba zan yi ba.

A Uke muka sami mai sayarwa, can kan hanyar Keffi, wani mai kiwon tarwaɗa da ke ajiye na ado a gefe saboda manyan da suka fara gina gidaje. Ya kai mu wajen wani kwami ya watsa abinci, ruwan ya hautsine, ƙananan kifaye suna hawa kan juna kamar yaran da aka watsa wa alewa. Ban ga abin so a nan ba. Idona yana kan wani baho a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an rufe rabinsa da buhu. A ciki akwai wani ƙato shi kaɗai, fari da ja, cikinsa ya yi tulu, ɓawon jikinsa ya ɗan miƙe kamar na abarba. Yana saman ruwa bai gudu ba, yana buɗe baki yana rufewa.

"Wannan hutawa yake yi, Hajiya," in ji mai kifin. "Ga waɗancan can, ki zaɓa."

Ni kuwa 'yar kasuwar ƙauye ce. Na san mai atamfa a ƙarƙashin tebur yake ɓoye mai kyau, na san mai rago a bayan rumfa yake ɗaure na Alhaji. Na ce a raina wani oga ya ajiye wa. Kuma duk abin da na iya zaɓe a duniya na tukunya ne: kaza mai nauyi, rago mai ƙiba, kifi mai tsoka. Ga natsuwa, ba irin waɗancan marasa kunya ba. Abin da ya gama da ni shi ne bakin nan da yake buɗewa yana kallon mutum. Na ce wannan kamar magana yake koyarwa, in yaron ya zauna gabansa zai kwaikwaya.

Babanku ya matso kusa da kunnena. "Ba ki ji abin da Sista ta ce ba?"

"Sista ce za ta zauna da shi ko ni?"

Mai kifin ya sake nuna mini waɗancan, na kafe. Ya ɗaga kafaɗa ya zuba mana shi a bokiti.

Kuma fa na ci nasara, ta ɗan lokaci. Yaron ya ga ƙaton kifi a gidansu, ya tsuguna a bakin kwamin bai tashi ba. Ƙofar Sista ta yi ƙara da la'asar, bai ko waiwaya ba. Ranar na ɗebo wanki har da wanda bai yi datti ba, na zo ina shanya a jikin wayar, ina 'yar waƙa, don dai ta fito ta gani. Ta fito, ta leƙo, ta dubi kifin, ta dube ni. Ta buɗe baki za ta yi magana sai na juya mata baya. Abin da ban so in gani ba shi ne dalilin da ya sa yaron ya ƙi tashi. Yana watsa abinci, abincin yana yawo a saman ruwa har ya jiƙe ya nutse. Kifin bai taɓa ko ƙwaya ɗaya ba. Yaron ba kallo yake yi ba, jinya yake yi.

Da safiyar wata Lahadi ina tankaɗe, sai na ji an ja mini zane. Bai taɓa yin haka ba. Ya ja ni har bakin kwamin. Kifin ya kwanta a gefe ɗaya, farin cikinsa a sama, bakin yana motsi da ƙyar. Yaron ya ɗago ya dubi tsakiyar idona, ya ce:

"Kira Tita."

Maganarsa ta farko gare ni ke nan. Ku da kuka haihu yanzu, ku auna. Na tsaya da rariya a hannu, rabin zuciyata tana cewa ya yi mini magana, rabi tana cewa ji abin da ya ce. Ya sake jan zanen. Ban bi ta ƙofa ba, tsayawa na yi a bakin waya na yi sallama da muryar da ban san ina da ita ba.

Ta fito cikin kayan zuwa coci, da ɗaurin kai kamar faifai. Ta tattare zane ta tsuguna, ta ɗauko kifin ta sa a baho da ɗan gishiri, ta ce an makara, ciwon ciki ne ya kumbura shi, bakin da yake buɗewa kuma numfashi yake nema. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Na so ta faɗa, don in sami abin yin faɗa. Kafin azahar ya mutu. Yaron ya zauna a bakin kwamin da ba kowa, bai yi kuka ba, bai je wajenta ba, bai zo wajena ba.

Da ta dawo daga coci ta same ni a bakin ƙofar kicin.

"Maman Nura, tun da ka zo ban ji ka kira yaron nan ba. Kullum kai, kai. Kai ɗin wa? Akuya ma kai ne."

"Ɗan fari ne. Mu ba ma faɗa."

"To wa zai faɗa?"

"A gida akwai kakarsa."

"A gida," in ji ta. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta leƙa har cikin kicin ɗina kamar mai neman wani. "Ina kakar?"

Na ji haushin wannan leƙen fiye da mutuwar kifin. Kwana da kwanaki ban gaishe ta da kyau ba. Amma yaron ya rage cin abinci, ya koma nuni da yatsa, don haka da ta ce za ta raka ni Uke ban ce a'a ba. Muka tafi mu biyu a motar haya, bokiti a tsakaninmu. Mai kifin ya gan ni ya sosa ƙeya. Wannan karon ni na ce ya watsa abinci. Zaman tagar nan bai tafi a banza ba, na san yadda mai lafiya yake kaɗa wutsiya, na san yadda yake shimfiɗa fukafukai. Na nuna wani ɗan ƙarami mai jan tabo a goshi da ya bi ta kan 'yan'uwansa ya wawuri abinci, da wani ruwan goro da ya sha gabansa. Sista ta sa aka ɗago su a kwano, ta duba cikinsu da bayansu, ta ce ba tabo, ba farar ƙura a jiki. Muka wanke kwamin tas, muka bar shi ya sha rana, su kuma suka yi zaman baho har ta tabbatar ba su taho da wata cuta ba.

Ranar da na sake su a kwamin, la'asar ce. Suka zagaya, suka taso sama suna neman abinci. Daidai lokacin ƙofar Sista ta yi ƙara, yaron ya miƙe ya nufi ɓula. Na ce, "Kai." Bai juyo ba. Na ce, "Kai, zo ka gani." Ya riga ya sunkuya, kansa ya shiga wayar. Na duba, ba kowa a bayan gidan sai ni da igiyar shanya. Sai na ce:

"Nura."

Ya tsaya a sunkuye. Ya janyo kansa a hankali ya juyo yana dube-dube, yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunan da muryata ba. Na sake faɗa. Ya taho, na zuba masa abincin a tafin hannu kamar yadda na ga ana yi ta taga, ɗan mai jan goshin ya zo ya tsotsi yatsansa.

Na biya kuɗin wannan kira. Da Inna ta kawo mana ziyara ta ji ni ina faɗar sunan a tsakar gida, ta ajiye lomar da ta ɗauka. Ta ce Abuja ta cinye mini kunya. Maganar ta riga ni isa gida, har matan ƙannen babanku suna kwaikwayona a wajen biki, kuma har Inna ta koma ga Allah ba ta sake sakin jiki da ni kamar da ba. Ban daina ba, ku ma shaida ne.

Kada kuma ku ɗauka kishin ya mutu tare da kifin farko. Ranar da Nura ya ci jarrabawar shiga sakandare, gidanta ya fara shiga da jaka a baya. Da ya fara ɗaukar albashi ya sayo atamfa biyu iri ɗaya, sai da na faki ido na gwada tsawonsu. Daidai suke, amma har yau ina ganin kamar tata ta fi haske. Kifayen da ke kwamina yanzu jikokin waɗancan biyun ne da wasu da ta ƙara mini daga baya, na karɓa ban yi musu ba.

Sista ta bar aiki tuntuni, ta koma wajen danginta a bayan Karu. Mijinta ya rasu, gwiwa ta hana ta fita, an ce mini kwamin da ta gina a can ya bushe. Ga abin da nake roƙonku. Ku gyara labarin nan in za ku bayar: albarkacin kwaminta ya fara magana, kuma sunanta ya fara kira. Kafin azumi ku je ku gaishe ta. Ku wanke mata kwamin, ku kai mata ƙanana biyu daga nawa, ku watsa abinci ku zaɓi masu kokawa. Nura ya tafi da ɗan autansa ta gan shi, ta kira sunansa yadda ta ga dama. Amma ku dawo mini da shi a ranar, kada ku bar mata shi ya kwana.